Me Amurkawa ke nufi idan sun ce "ƙasa biyu"?

Tambaya: Malam, na daɗe ina jin shugabannin Amurka suna cewa maganin rikicin Isra'ila da Falasɗinawa shi ne a kafa ƙasa biyu. Amma su ne ke ba Isra'ila makamai, su ne kuma ke hawa kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu idan aka kawo batun Falasɗinu. Shin su Amurkawan bakinsu ɗaya ne a kan wannan? Kuma gaskiya ne abin da ake faɗa a majalisarmu, wai Yahudawa ne suka riƙe wuyan ƙasar shi ya sa ba ta iya motsi?

Amsa: Ɗan'uwa, bakinsu ba ɗaya ba ne, kuma ɓarakar ƙara faɗi take yi. Sai dai idan ka kasa kunne kana jiran gardamar "a yi ƙasa biyu ko kada a yi", ba a nan gizo ke saƙar ba. Wannan magana ta daɗe a bakin 'yan siyasar Washinton ne saboda faɗinta ba ya cin ko sisi. Abin da ke tayar musu da jijiyar wuya shi ne: idan gwamnatin Isra'ila ta ce ba ta yi, me Amurka za ta hana ta? Kuɗi, ko makamai, ko rumfar da take yi mata a Majalisar Ɗinkin Duniya?

Ita kanta maganar ba ta kai tsufan da ake zato ba. Gaskiya ne tun 29 ga Nuwamban 1947 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri mai lamba 181 na raba ƙasar gida biyu, kuma Amurka ta mara masa baya. Da aka ayyana Isra'ila ranar 14 ga Mayun 1948, Shugaba Harry Truman ya amince da ita cikin minti 11, alhali sakataren harkokin wajensa George Marshall bai so ba. Daga nan ɗaya rabin ya ɓace daga bakin Washinton. Shekara da shekaru, Falasɗinawa a takardun Amurka 'yan gudun hijira ne da ake neman inda za a tsugunar. Ƙuduri na 242 da aka yi bayan yaƙin 1967, wanda har gobe ake kafa hujja da shi, ko sunansu bai kama ba. Yarjejeniyar Oslo ma, wadda Yitzhak Rabin da Yasser Arafat suka yi musabaha a kanta a harabar Fadar White House ranar 13 ga Satumban 1993, babu inda ta yi alkawarin ƙasar Falasɗinu. Hukumar riƙon ƙwarya ta kafa, ta ɗage maganar Ƙudus da iyakoki da 'yan gudun hijira da matsugunan Yahudawa zuwa gaba. A 1998 Hillary Clinton, tana matar shugaban ƙasa, ta ce kafa ƙasar Falasɗinu zai amfani yankin. Nan take fadar mijinta ta ce wannan ra'ayinta ne, ba na gwamnati ba.

George W. Bush, ɗan Rifablikan, shi ya mayar da ita manufar gwamnati a fili, a jawabinsa na 24 ga Yunin 2002, da sharaɗin Falasɗinawa su sauya shugabanni, wato dai a kawar da Arafat. Daga nan kowa ya ɗauka. Jam'iyyun biyu suka riƙe ta, har firaministan Isra'ila Benjamin Netanyahu ya furta ta a Jami'ar Bar-Ilan a 2009, ya ce amma ƙasar da ba ta da soja. To maganar da za ta shiga bakin Netanyahu, ta kuma shiga bakin Sanata Bernie Sanders mai sukar gwamnatin Isra'ila ba tare da ta shaƙe ɗayansu ba, ai ka san ba abu ɗaya suke nufi da ita ba.

Kafin ta zama waƙar kowa, an yi shugabannin Amurka da ba su ce "ƙasa biyu" ba amma suka matsa wa Isra'ila da gaske. Eisenhower ya tilasta mata ficewa daga Sinai a 1957. Wanda na fi son ba ɗalibaina labarinsa shi ne James Baker, sakataren harkokin wajen Bush babba. A Yunin 1990 yana gaban wani kwamitin Majalisar Wakilai, ya gaji da jan ƙafar gwamnatin firaministan Isra'ila Yitzhak Shamir, sai ya karanto lambar wayar Fadar White House a bainar jama'a, ya ce idan kun shirya zaman lafiya da gaske ku kira mu. Shekarar da ta biyo, Isra'ila ta nemi Amurka ta tsaya mata ta ci bashin dala biliyan 10 don tsugunar da Yahudawan da ke kwararowa daga Tarayyar Sobiyet. Bush ya ce a dakata, saboda gine-ginen da ake yi a yankunan da aka mamaye. Masu kamun ƙafa suka cika Majalisa, shi kuma ya fito gaban 'yan jarida ya kira kansa ɗan talikin da ke tsaye shi kaɗai. Ya riƙe lamunin har Shamir ya faɗi zaɓe a 1992 Rabin ya hau. Shi ma Bush ya faɗi a wannan shekarar. Tattalin arziki ne ya kayar da shi, amma 'yan siyasa da yawa darasin da suka ɗauka shi ne kada a kuma.

Ga abin da ya biyo baya. Lokacin Oslo, Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna a Yammacin Kogin Jordan ba su wuce dubu 110 da 'yan kai ba. Yau sun kai kusan rabin miliyan, ban da sama da dubu 200 da ke Gabashin Ƙudus. Yankin da ake kira C, kusan kashi 60 cikin 100 na Yammacin Kogin, yana hannun Isra'ila kacokan. Duk wannan ya faru ne ana ta fitar da sanarwa daga Washinton cewa matsugunan ba sa taimaka wa zaman lafiya. Obama, wanda kowa ya san jininsa da na Netanyahu bai haɗu ba, gwamnatinsa ce ta sa hannu a Satumban 2016 a kan tallafin soja na dala biliyan 38 cikin shekara 10. Wata uku bayan haka, yana haɗa kayansa, ya bar ƙuduri na 2334 mai la'antar matsugunan ya wuce a Kwamitin Sulhu ba tare da ya hau kujerar na-ƙi ba. Ihu bayan hari.

Adalci ne a faɗi dalilin da ya sa Amurkawa da yawa, har masu kyakkyawar niyya, ba su ga laifin wannan ba. Labarin da suka taso da shi shi ne an miƙa wa Falasɗinawa ƙasa sun ƙi karɓa. Bayan taron Camp David na Yulin 2000 ya watse, Bill Clinton ya ɗora laifin a kan Arafat. Robert Malley, wanda yana cikin tawagar Amurka a taron, ya rubuta daga baya cewa zancen ya fi haka sarƙaƙiya kuma kowane ɓangare yana da nasa kason, amma muryarsa ba ta kai ta shugaban ƙasa ba. Sai ga intifada ta biyu, wato boren Falasɗinawa, da hare-haren ƙunar baƙin wake a motocin haya da gidajen abinci, sai ga harin 11 ga Satumban 2001. Ba'amurken da ke kallon talabijin ya haɗa su a kwando ɗaya. Hamas ta ci zaɓen 2006, ta ƙwace Gaza a 2007, aka sami hujjar cewa babu abokin tattaunawa. Mahmoud Abbas kuma an zaɓe shi shugaban Hukumar Falasɗinawa a Janairun 2005 don wa'adin shekara 4, har yau ba a sake zaɓen shugaba ba. Duk mai kare ƙasa biyu a muhawarar Amurka sai an jefe shi da tambayar wa zai mulki ƙasar, kuma ba tambayar banza ba ce.

Yanzu ga maganar majalisarku. Yahudawan Amurka kusan miliyan 7 da rabi ne, wajen kashi 2 cikin 100 na jama'ar ƙasar, kuma kusan 7 cikin 10 nasu Dimokurat suke yi. A binciken cibiyar Pew da aka fitar a 2021, kusan biyu bisa uku nasu sun ce ana iya samun hanyar da Isra'ila da ƙasar Falasɗinu mai 'yanci za su zauna tare. Sanders, wanda ya fi kowa a Majalisar Dattawa neman a tsayar da makamai, Bayahude ne. Sanata Chuck Schumer, da ya miƙe a zauren majalisar ranar 14 ga Maris 2024 ya ce Netanyahu ya zama cikas kuma a sake zaɓe a Isra'ila, Bayahude ne. Waɗanda suka mamaye tashar jirgin ƙasa ta Grand Central a New York a ƙarshen Oktoban 2023 sanye da baƙaƙen riguna masu cewa ba da sunanmu ba, ƙungiyar Jewish Voice for Peace ce ta kira su. Ba ina ce maka yawancinsu sun juya wa Isra'ila baya ba ne. Mafi yawa suna jin ta a ransu, kuma manyan ƙungiyoyinsu suna kare ta. Ina nufin gida ne da ake faɗa a cikinsa, sau da yawa tsakanin uba da ɗa. Wanda ya ce "Yahudawa" ya yi shiru, ya yi musu kuɗin goro, kuma ya kauce wa rundunar da ta fi girma.

Rundunar nan ita ce ta Kiristoci masu bishara, 'yan Ibanjelika, waɗanda suka kai kusan ɗaya bisa huɗu na manyan Amurka, kuma fararen cikinsu su ne ƙashin bayan jam'iyyar Rifablikan. Da yawansu abin a wurinsu aƙida ce: Allah ya ba zuriyar Ibrahim ta wajen Ishaƙu wannan ƙasa, wanda ya sa wa Isra'ila albarka za a sa masa, wasu kuma suna ganin komawar Yahudawa can alama ce ta dawowar Almasihu. Mai wannan imani ba ka zuwa masa da taswira. Fasto John Hagee na San Antonio ya kafa Christians United for Israel a 2006, kuma ƙungiyar tana cewa mambobinta sun haura miliyan 10, wato sun fi duk Yahudawan ƙasar yawa. Ranar da aka buɗe ofishin jakadancin Amurka a Ƙudus, 14 ga Mayun 2018, Hagee ne ya rufe taro da addu'a. Trump da bakinsa, a wajen yaƙin neman zaɓe a Wisconsin a 2020, ya ce don 'yan Ibanjelika ya yi, kuma sun fi Yahudawa murna da abin. Mike Huckabee da Trump ya tura jakada Isra'ila a 2025 tsohon fasto ne, wanda ya taɓa cewa babu wani abu wai shi Yammacin Kogin Jordan, Yahudiya da Samariya ne, kuma babu wani abu wai shi mamaya.

Ita kuma AIPAC, wadda sunanta ya fi yawo, ƙarfinta na gaske ne amma a san irinsa. Ƙungiyar Amurkawa ce mai kamun ƙafa a Majalisa tun shekarun 1950. Ta sha kaye: Reagan ya sayar wa Saudiyya jiragen leƙen asiri na AWACS a 1981 tana ƙi, Obama ya ƙulla yarjejeniyar nukiliya da Iran a 2015 tana ƙi. Inda ta ƙware shi ne zaɓen fid da gwani, inda masu fitowa ba su da yawa kuma kuɗi ke tasiri. A 2024 asusun zaɓenta ya kashe sama da dala miliyan 14 aka kayar da Jamaal Bowman a New York, da kusan miliyan 8 da rabi aka kayar da Cori Bush a Missouri, dukansu 'yan majalisa 'yan Dimokurat masu sukar Isra'ila. Abin lura, yawancin tallace-tallacen da aka yi a kan Bowman ba Isra'ila suka ambata ba; ƙuri'unsa a kan al'amuran cikin gida suka bi, kuma shi ma ya ba da ƙofa da wasu kura-kuransa. Ba a buƙatar kayar da mutum ɗari. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ka ƙara da cewa galibin tallafin sojan nan a masana'antun makamai na Amurka ake kashe shi, a mazaɓun 'yan majalisar da ke jefa ƙuri'ar, ga kuma hafsoshi da jami'an leƙen asiri da suka saba aiki da Isra'ila tun zamanin yaƙin cacar baka.

A ɓangaren Dimokurat, an daɗe ana rufa-rufa. A babban taron jam'iyyar a Charlotte a Satumban 2012, daftarin manufofi ya fito babu layin da ke cewa Ƙudus ce babban birnin Isra'ila. 'Yan adawa suka yi caa, shugabanni suka ce a mayar. Ana buƙatar biyu bisa uku na wakilai. Magajin garin Los Angeles, Antonio Villaraigosa, da ke jagorantar zaman ya ce masu goyon baya su ce e, masu ƙi su ce a'a. Sautin ya zo kusan daidai. Ya sake, haka. Ya waiga yana neman mai cetonsa, ya sake karo na uku, sannan ya ce a ganin kujera an sami biyu bisa uku. Zauren ya ɗauki ihu. Duk wanda ya kalli wannan ya san shugabanni da mabiya sun fara raba hanya, shekara 11 kafin yaƙin Gaza.

Su kuwa Rifablikan a fili suka ajiye ta. A 2016 suka cire maganar ƙasa biyu daga kundin manufofinsu. A Fabrairun 2017, yana tsaye kusa da Netanyahu, Trump ya ce ya duba ƙasa biyu ya duba ƙasa ɗaya, duk wadda ɓangarorin suke so ita yake so. Netanyahu ya yi dariya. Sai amincewa da Ƙudus a Disamban 2017, yanke tallafin UNRWA, hukumar kula da 'yan gudun hijirar Falasɗinu, da rufe ofishin ƙungiyar Falasɗinawa ta PLO a Washinton a 2018, da shirin Janairun 2020 da ya zana wa Falasɗinawa ƙasa gutsi-gutsi ba tare da an zauna da su ba. Yarjejeniyoyin Ibrahim da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain, daga baya Maroko da Sudan, sun ba masu wannan ra'ayi hujjar cewa ana iya shiryawa da Larabawa a tsallake Falasɗinawa.

Harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023, da aka kashe kusan mutum 1,200 aka yi garkuwa da kusan 250, ya fara haɗa kan Amurkawa a bayan Isra'ila. Biden ya tafi can cikin kwana 11. Amma da aka shiga watanni ana ganin gawarwakin yara da yunwa a waya, ba sai an jira labaran ƙarfe shida ba, abin ya juya. Zuwa Yulin 2025 ma'aikatar lafiya ta Gaza ta ce waɗanda aka kashe sun haura dubu 60. Gwamnatin Biden ta yi ta ambaton ƙasa biyu, ita ce kuma ta hau kujerar na-ƙi a Afrilun 2024 lokacin da ƙasashe 12 na Kwamitin Sulhu suka yarda a ba Falasɗinu cikakkiyar kujera. Hujjarta ita ce ƙasa ta hanyar tattaunawa ake samun ta. Wata uku bayan haka majalisar Isra'ila ta kaɗa ƙuri'a 68 da 9 cewa ba ta yarda da ƙasar Falasɗinu ba, mako guda kuma Netanyahu na gaban Majalisar Amurka ana miƙe masa ana tafi. Abin da Biden ya taɓa riƙewa shi ne jigila ɗaya ta manyan bama-bamai a Mayun 2024.

A cikin gida kuwa, muhawarar ta koma ta wa ke da izinin faɗin me. Majalisar Wakilai ta tsawatar wa Rashida Tlaib, 'yar asalin Falasɗinu daga Mishigan, a Nuwamban 2023, musamman saboda taken "daga kogi zuwa teku". Ita ta ce kira ne na 'yanci, masu sukarta suka ce kira ne na shafe Isra'ila. Kaɗan ne suka tuna cewa kundin jam'iyyar Likud, ta su Netanyahu, na 1977 ya ce tsakanin teku da Kogin Jordan babu ikon kowa sai na Isra'ila. Shugabannin jami'o'in Pennsylvania da Harvard sun sauka bayan titsiyen da aka yi musu a Majalisa a Disamban 2023 a kan ƙin jinin Yahudawa a jami'o'insu. Ɗalibai sun kafa tantuna a Columbia a Afrilun 2024, abin ya bazu, 'yan sanda suka kama dubbai a faɗin ƙasar. A Maris 2025 jami'an shige da fice suka kama Mahmoud Khalil, ɗaya daga cikin jagororin zanga-zangar, duk da yana da takardar zaman dindindin. Jihohi sama da 30 suna da dokokin hana ƙaurace wa Isra'ila. Tsoron kuma gaskiya ne a kowane ɓangare: an kashe mutum 11 a wurin ibadar Yahudawa a Pittsburgh a 2018, an kuma daɓa wa yaro ɗan shekara 6 ɗan asalin Falasɗinu wuƙa har lahira a Illinois a Oktoban 2023.

Alƙaluman jin ra'ayi sun nuna sauyin. A 2023, tun kafin yaƙin, cibiyar jin ra'ayi ta Gallup ta ga karo na farko 'yan Dimokurat sun fi tausaya wa Falasɗinawa, kashi 49 na tare da su, 38 na tare da Isra'ila. A farkon 2025 ya zama 59 da 21, su kuma Rifablikan 75 na tare da Isra'ila. A ƙasar baki ɗaya kashi 55 sun ce suna goyon bayan kafa ƙasar Falasɗinu. Pew ta samu a 2025 cewa kashi 53 ba sa kallon Isra'ila da kyau, daga 42 a 2022, har da rabin 'yan Rifablikan da ba su kai shekara 50 ba. Wannan na ƙarshen shi ne sabon abu. Ba son Falasɗinawa ne ya kawo shi ba, ƙin kashe kuɗi a waje ne. Masu cewa Amurka farko suna tambayar me ya sa za a ba ƙasa mai arziki biliyoyi. A Yunin 2025 ɗan jarida mai ra'ayin riƙau Tucker Carlson ya titsiye Sanata Ted Cruz a kan ayar sa wa Isra'ila albarka, yana tambayarsa a ina take, kuma shin gwamnatin yau ake nufi. A Yuli 'yar majalisa Marjorie Taylor Greene ta Rifablikan ta kira abin da ke faruwa a Gaza kisan ƙare dangi. A Nuwamba birnin New York, wanda ya fi kowane birni a wajen Isra'ila yawan Yahudawa, ya zaɓi Zohran Mamdani, Musulmi mai sukar Isra'ila a fili, magajin gari.

Za ka ce to me ya hana manufa ta bi ra'ayin jama'a? Saboda Ba'amurke na kan titi da farashin mai da kuɗin haya da asibiti yake zaɓe. Idan mai bincike ya kira shi zai ce a yi ƙasa biyu, ya ajiye waya ya manta. Ɗan siyasa ba yawan masu ra'ayi yake ƙirgawa ba, waɗanda za su hukunta shi a kan ra'ayin yake ƙirgawa. Shekara 40 ɓangare ɗaya ne kawai ke da irin waɗannan mutane. Mishigan ce ta fara nuna ɗaya ɓangaren ma ya samu: sama da mutum dubu 100 suka ƙi zaɓar Biden a fid da gwanin Fabrairun 2024, jam'iyya ta hana Bafalasɗine ko ɗaya hawa mumbarin taronta a Shikago, a Nuwamba kuma Trump ya ci Dearborn, garin Larabawa. Da yawansu sun ciji yatsa a Fabrairun 2025 da ya ce Amurka za ta karɓe Gaza a kwashe mutanenta a yi wurin shaƙatawa.

Akwai kuma waɗanda suka ce a daina yaudarar kai. John Kerry, sakataren harkokin wajen Obama, ya yi gargaɗi a Disamban 2016 cewa idan aka tafi a ƙasa ɗaya, Isra'ila sai dai ta zama ta Yahudawa ko ta dimokuraɗiyya, ba duka biyu ba. Marubuci Peter Beinart, wanda ya daɗe yana kare ƙasa biyu, ya ce a 2020 ya haƙura, a ba kowa 'yanci daidai a ƙasa ɗaya. Kalmar wariyar launin fata, da ta jawo wa tsohon Shugaba Jimmy Carter zagi a 2006 da ya yi amfani da ita a kan mamayar Isra'ila, ta zama ruwan dare a jami'o'i bayan rahotannin Human Rights Watch a 2021 da Amnesty a 2022. A nawa ganin, masu wannan ra'ayi sun fi kowa gaskiya wajen bayyana halin da ake ciki, sun kuma fi kowa rauni wajen nuna mafita, don babu rinjaye a Isra'ilawa ko Falasɗinawa da ke neman zama a gwamnati ɗaya, a Majalisar Amurka kuma ba su cika tafin hannu ba. Na dama ma ƙasa ɗaya suke so, amma ba da ƙuri'a ga kowa ba. Da aka amince da gina matsugunan Yahudawa a yankin E1 gabas da Ƙudus a Agustan 2025, ministan kuɗin Isra'ila Bezalel Smotrich ya ce wannan zai binne maganar ƙasar Falasɗinu.

A Satumban 2025 Birtaniya da Kanada da Ostareliya da Faransa suka amince da Falasɗinu, suka bi sahun ƙasashe kusan 150, ciki har da Najeriya da Nijar da suka yi tun 1988. Amurka ta hana Abbas bizar zuwa babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya na watan. Amma a watan nan Trump ya ce ba zai bari Isra'ila ta haɗe Yammacin Kogin Jordan ba, kuma shirinsa mai maki 20 da ya kai ga tsagaita wuta a Oktoba ya ce idan Hukumar Falasɗinawa ta yi gyara, wataƙila a sami hanyar da za ta kai ga ƙasa. Ka lura da "idan" da "wataƙila". Ana buƙatar ko da inuwar maganar ne don Saudiyya ta ce ba za ta ƙulla hulɗa da Isra'ila ba sai da ita.

Saboda haka idan ka ji ɗan siyasar Amurka ya ce ƙasa biyu, ka duba yadda ya yi ƙuri'a a kan makamai. Yarjejeniyar biliyan 38 za ta ƙare a 2028, shekarar zaɓen shugaban ƙasa, kuma wasu 'yan takarar Dimokurat sun fara shelar cewa ba za su karɓi kuɗin AIPAC ba. Sanders ya kawo ƙudurin hana sayar da wasu makamai a Nuwamban 2024, bai sami sanata 20 ba. A Afrilun 2025 ya sami 15. A ƙarshen Yuli ya sami 27, fiye da rabin ɓangaren Dimokurat, babu ɗan Rifablikan ko ɗaya. Kafin ƙuduri irin wannan ya tsayar da harsashi guda sai ya sami rinjaye a cikin sanatoci 100, ya tsallake Majalisar Wakilai, idan kuma shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu, a nemo biyu bisa uku a kowane zaure.